Auta ya je hutu Abzin

Taswira da ƙusa

Auta ɗan Damagaram ne. Gidansu yana unguwar Zango. Shekararsa 12, yana aji 5. Tun yana ƙarami yake son hawan dutse. Ranar da babu lakkol, shi da abokansa sukan tafi Birni, inda manyan duwatsu masu sulɓi suke kwance wani bisa wani. Sai su hau, su zauna, suna kallon rufin gidaje da fadar Sarki. A ganin Auta, duk duniya babu dutsen da ya kai nasu.

Wata rana mushe ya rataya taswirar Nijar a jikin allo. Ya ɗora sanda can arewa, bisa wani wuri mai launin ƙasa-ƙasa. Ya ce:

– Nan ne Abzin, arewa da Agadas. Ƙasar duwatsu ce. A nan tsaunin Bagzan yake. Ƙololuwarsa ana kiranta Idukal-n-Tagas. Tsawonta mita 2022 ne, in an auna daga bakin teku. Duk ƙasarmu babu inda ya fi ta tsawo.

Auta ya ɗaga hannu, ya ce:

– Mushe, har ta fi dutsen Birni?

Ƴan aji suka fashe da dariya. Mushe bai yi dariya ba. Ya ce:

– Wanda bai taɓa fita gari ba, tuwon gidansu ne ya fi masa kowane tuwo. In Allah ya kai ka, ka dawo ka ba mu labari.

Dariyar nan ta tsaya wa Auta a rai. Ya ƙudurta sai ya je Abzin, ya hau dutse mafi tsawo, ya rubuta sunansa a bisa. Kowa ya zo bayansa ya san ɗan Damagaram ya riga shi.

To, gidan su Auta da Abzin akwai tsohon zumunci. Kakansa mai masaukin Abzinawa ne. A da, kowace shekara da sanyi, ayarin raƙuma yakan sauka Zango da kantun gishirin Bilma da dabino. Sai su sayar, su sayi gero da tufafi, su koma gida. Akwai wani madugu mutumin Timiya wanda ya yi shekara 30 yana sauka zauren kakan Auta. Yanzu kakan ya rasu. Madugu ya tsufa, ya daina tafiya. Manyan motoci sun karɓe yawancin aikin raƙuma. Amma zumunci bai yanke ba. Ɗan madugun yakan kawo lemo da albasa kasuwa, kuma a gidan yake kwana.

Da babban hutu ya zo, tsohon ya aiko da saƙo. Ya ce: "Ku zo in gan ku tun ina da sauran ido." Kawun Auta ya shirya tafiya cikin watan Agusta. Auta ya yi ta roƙo har aka yarda ya bi shi. Innarsa ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin gero a tsumma. Shi kuwa ya nemi wata babbar ƙusa, ya ɓoye a aljihun wandonsa. Bai gaya wa kowa ba.

Hanya

Daga Damagaram zuwa Agadas kamar kilomita 450 ne. Suka fita tun da asuba. Har suka wuce Tanut gonakin gero suna gefen hanya, dama da hagu. Daga nan gonaki suka yi ta raguwa har suka ƙare. Sai ciyawar damina, da shanu, da raƙuma, da makiyaya. Suka sha ruwa a Adarbisanat. Da dare suka shiga Agadas.

Da safe kawu ya kai shi ya ga babban masallaci. Hasumiyarsa ta laka ce, tsawonta mita 27, itatuwa sun fito a jikinta kamar ƙayar bushiya. Kawu ya ce tun shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya. Auta ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Amma hankalinsa yana can arewa, inda yake hango wasu duwatsu shuɗi-shuɗi kamar hadari.

Daga Agadas zuwa Timiya ya fi kilomita 200, kuma babu kwalta. Suka shiga wata mota mai ƙarfi, su da buhunan gero da gwangwanayen mai. Suka wuce garakun Dabaga. Suka bi ta Elmeki, inda ake haƙar kuza. Hanya ta yi ta hawa tana sauka. Wani wuri baƙaƙen duwatsu ne birjik, kamar an zubar da gawayi. Wani wuri kuma rairayi ne fari, da goruba da ƙandili a gefe.

Da la'asar suka iso bakin wata ƙorama mai faɗi. Ƙoramar a bushe take, rairayi ne kawai. Amma direba ya tsaya, ya kashe mota. Ya sauka yana duban gabas. Auta ya ce:

– Kawu, me muke jira? Ai babu ruwa.

Direba ya nuna masa wani baƙin hadari can bisa duwatsu, nesa ƙwarai. Ya ce:

– Yaro, a nan ruwan da ka gani ba shi ke cin mutum ba. Wanda ya sauka inda ba ka gani ba, shi ne abin tsoro.

Suka shimfiɗa tabarma bisa tudu, aka hura wutar shayi. Ko ɗigo bai sauka a kansu ba. Can sai Auta ya ji wani ƙugi kamar motoci goma sun taso tare. Kafin ya miƙe tsaye, ruwa ja ya cika ƙoramar daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana ɗauke da itatuwa, yana mirgina duwatsu. Auta ya riƙe rigar kawunsa.

Ga dalilin haka. Dutse ba ya shan ruwa kamar ƙasar gona. In an yi ruwa bisa tsauni, duka sai ya gangaro lokaci guda, ya taru cikin ƙorama, ya yi gudu. Shi ya sa mutanen Abzin ba sa kwana cikin ƙorama da damina, kome laushin rairayinta. Direba ya ce irin wannan ruwa ne ya rushe gidaje da yawa a Agadas cikin watan Satumba na shekarar 2009.

Nan suka kwana. Da gari ya waye ruwa ya janye, suka ƙetare.

Garakun Timiya

Da hantsi mota ta zagaya wani baƙin dutse, sai ga Timiya. Auta ya murza idonsa. Tsakanin duwatsu ƙonannu, wani dogon kwari ne kore shar, cike da dabino. Shi da yake zaton Abzin babu abin da ke tsirowa sai ƙaya!

Tsohon madugu yana zaune ƙofar gida, ya naɗa rawani baƙi, ido kaɗai ake gani. Da ya ji muryar kawu sai ya miƙe da sandarsa. Suka riƙe hannun juna suka daɗe suna gaisawa. Hausarsa tas, don ya yi rabin rayuwarsa a kasuwannin Hausa. Auta ya durƙusa ya ce:

– Kaka, ina wuni? Mun same ku lafiya?

Tsoho ya shafa kansa, ya ɗago haɓarsa, ya dube shi da kyau. Ya ce:

– Wannan goshin na abokina ne. Sannu da zuwa, jikana. Shekara 30 ina shan furar gidanku. Yau kai ma za ka sha tamu.

Aka kawo masu wata irin fura ta gero da dabino da cukun awaki. Auta ya sha har ya lashe ludayi.

Tsoho yana da jika sa'an Auta. Shi ya kai shi garka da yamma. Auta ya ga abin da bai taɓa gani wuri guda ba. Ga dabino ya nuna. Ga rumman ya yi ja, wani har ya tsage. Ga ɓaure da inabi. Ga lemo, amma ɗanye ne, sai da sanyi yake nuna. A ƙarƙashin itatuwa an shuka masara da tumatir. Yaron ya ce da sanyi kuma alkama suke shukawa, da albasa, da tafarnuwa.

A tsakiyar garka akwai rijiya. An kafa itatuwa a bakinta, an sa ƙarfen juya igiya. Wani raƙumi yana tafiya gaba yana jan igiya, wasaki yana fitowa cike da ruwa, yana zubewa cikin kwararo. Sai raƙumin ya juyo, wasaki ya koma ƙasa. Haka ake yi tun safe. Da yaren Tamajak ana kiran wannan dabara *takarkart*. Garaku da yawa yanzu injin ban ruwa suke sawa, amma tsoho ya ƙi rabuwa da raƙuminsa.

Auta ya ce:

– Ina ruwan rijiyar nan yake fitowa, alhali ba ku samun ruwan sama kamar mu?

Yaron ya nuna masa ƙoramar da ta ratsa gari. Ya ce:

– Ruwan da ya tare ku jiya, irinsa ne. In ƙorama ta kawo, rairayi ya sha, ya ɓoye mana a ƙasa. Shi muke ja har shekara ta zagayo. Shekarar da ƙorama ba ta kawo ba, rijiya sai ta yi nisa, itatuwa su bushe.

Auta ya yi shiru. Ashe ruwan da ya ba shi tsoro, shi mutanen garin suke roƙo.

Hawan dutse

Bisa wani tudu da ke kallon gari akwai tsohon barikin da sojan Faransa suka gina zamanin mulkinsu. Nan baƙi suka fi hawa, don daga can ana ganin kwarin gaba ɗaya. Auta ya hau, ya gani, ya ce bai ishe shi ba. Shi Bagzan yake so. Kawu ya ce:

– Bagzan yana can kudu, ba kusa ba ne. Hawansa aikin yini ne, da jakuna da jagora. Sai wata tafiyar.

Auta ya ɓata rai. Tsoho ya ce wa jikansa:

– Gobe ka kai shi dutsen bayan gari. In ya gama da ƙanen, mā yi maganar wan.

Suka tashi tun kafin rana ta fito, da gorar ruwa da dabino a aljihu. Auta ya fara hawa da gudu, yana tsalle daga dutse zuwa dutse kamar a Birni. Ya waiwayo yana yi wa abokinsa dariya. Abokin kuwa yana tafe a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi rabin awa ba numfashin Auta ya ƙare. Ƙirjinsa yana zafi, gwiwoyinsa suna rawa. Ya taka wani dutse, dutsen ya kuɓuce, ya faɗi ya kurje hannu. Abokin ya iso, ya zauna kusa da shi. Ya ce:

– Dutsenku mintin nawa kuke hawansa?

– Minti biyar.

– Wannan awa uku ne. Kaka yakan ce da dutse ba a tsere.

Sai ya koya masa abin da kowane yaron Abzin ya sani. A taka dutse a ji ko yana motsi kafin a ɗora nauyi. Kada a tura hannu cikin ramin da ba a ga cikinsa ba, saboda maciji da kunama. Kada a bi hanya miƙe, a yi ta karkacewa dama da hagu kamar akuya. A kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. Kada a mirgino dutse don wasa, wataƙila akwai mai kiwo a ƙasa. Kuma kada mutum ya hau shi kaɗai.

Da Auta ya rage sauri sai ya fara ganin abubuwa. Ya ga rema tana shan hantsi bakin kogo. Ya ga wata ƴar fure mai ruwan ɗorawa ta fito daga tsagar dutse. Abokinsa ya nuna masa sawun ragon dutse a cikin ƙura. Ya ce dabbar nan tana da manyan ƙahoni da dogon gashi a wuya, amma ganinta sai mai sa'a, don mafarauta sun rage ta ƙwarai.

Kafin azahar suka kai bisa. Iska mai sanyi tana kaɗawa. Timiya ta koma kamar koren zare a cikin baƙin zane. Ko'ina Auta ya juya, duwatsu ne bayan duwatsu har iyakar ganinsa. Ya tuna da tambayar da ya yi wa mushe, ya ji kunya ta kama shi. Ya taɓa ƙusarsa a aljihu. Amma abokinsa yana kusa, kuma gajiya ta hana shi. Ya ce a ransa: "Sai na samu dutsen da mutane ke zuwa gani."

Magangarar ruwa

Kamar kilomita 3 daga gari akwai wurin da Timiya ta yi suna da shi. Ruwa ne yake faɗowa daga bisa baƙin dutse, yana taruwa a wani gurbi mai zurfi. Da damina yakan zubo da ƙarfi, da rani kuwa ya ragu. Dutsen nan baƙi, masana sun ce narkakken dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa tun zamanin da, ya daskare.

Yaran gari suna can suna iyo. Auta ya tuɓe riga ya faɗa. Sanyin ruwan ya sa ya yi ihu, yara suka yi ta dariya. Suka yi tseren iyo, suka yi nutso, suka kwanta bisa dutse mai ɗumi har jikinsu ya bushe. Auta ya ce bai taɓa jin daɗin yini irin wannan ba.

Da zai wanke rigarsa ya ɗauko sabulu. Abokinsa ya riƙe hannunsa. Ya ce:

– Ba a nan ba. Ɗebi ruwa ka koma can gefe. Awaki suna sha nan, da jakuna, da tsuntsaye. Da dare namun daji ma suna zuwa. Mu muna cewa *aman iman*, wato ruwa shi ne rai.

Kafin su tafi, yaron ya tsince ledoji biyu da wani gwangwanin kifi da wasu suka yar. Ba wanda ya sa shi.

Da dare aka gasa gurasa cikin rairayi mai zafi da toka. Suna ci tsoho yana ba su labari. Ya ce a da, da sanyi, ƴan yawon buɗe ido sukan cika Timiya. Daga ƙasashe masu nisa suke zuwa. Wasu su yi mako guda suna tafiya bisa raƙuma. Wasu su hau Bagzan. Wasu su je Tafadak, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, masu ciwon gaɓoɓi suna wanka. Wasu su je kangon Asode, tsohon birnin Abzinawa. Jagorori da maƙera da masu raƙuma duk suna samun abinci. Sai aka yi tawaye daga 1990 zuwa 1995, aka sake yi daga 2007 zuwa 2009. Rashin kwanciyar hankali ya sa baƙin waje suka ɗauke ƙafa.

Kawu ya ƙara da cewa a shekarar 1988 gwamnati ta keɓe gabashin Abzin da wani yanki na Tenere don kare namun daji da itatuwa. Faɗin wurin ya fi eka miliyan 7 irin ta hekta. A 1991 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. A 1992 ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari.

Tsoho ya ce:

– Da ƙuruciyata na ga jimina tana gudu a kwarin nan na gabas. Jikana bai taɓa ganinta a daji ba. Abin da ya tafi ya tafi. Wanda ya rage shi ne a hannunku.

Dutse mai zane

Ana saura kwana biyu su koma, tsoho ya ce zai nuna wa Auta wani abu. Ya hau jaki, yaran biyu suna biye. Suka bi wata ƙorama har rana ta yi tsaka. Suka tsaya gindin wani babban dutse mai faɗin fuska.

Da fari Auta bai ga kome ba. Da ya matsa sai ya ga zane a jikin dutsen. Ga raƙumin dawa da dogon wuyansa. Ga shanu masu manyan ƙahoni. Ga jimina. Ga wani mutum riƙe da mashi. Ba da alli aka yi su ba, sassaƙa su aka yi cikin dutse. A gefe kuma akwai wasu ƴan alamu, da'ira da ɗigo da gicciye. Abokinsa ya ce wannan rubutun Abzinawa ne, ana kiransa *tifinar*.

Irin waɗannan zane-zane suna da yawa a Abzin. Wanda ya fi suna yana Dabus, tsakanin Agadas da Arlit. Raƙuman dawa biyu ne, babban ya fi mita 5. Masana sun ce shekaru dubbai ke nan da aka sassaƙa su, lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna.

Tsoho ya tafi inuwa yin salla. Abokin ya tafi ɗaure jaki. Auta ya duba dama, ya duba hagu. Ya fito da ƙusarsa. Ya zaɓi wuri mai kyau kusa da wuyan raƙumin dawa. Ya fara kartawa. Dutsen yana da tauri, amma ya dage. Ya ja layi ɗaya, ya ja na biyu. Yana cikin jan na uku, harafin A ya kusa fita, sai ya ji inuwa a bayansa.

Tsoho ne. Bai yi tsawa ba. Bai ɗaga sanda ba. Ya zauna bisa wani dutse, ya ce:

– Jikana, me kake rubutawa?

– Sunana, Kaka.

– Don me?

– Don a san na zo.

Tsoho ya gyara rawaninsa. Ya ce:

– Shekara nawa na ce na yi ina sauka gidanku?

– Shekara 30.

– Ka taɓa ganin sunana a bangon zaurenku?

Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce a'a. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ce:

– To, Kaka, ai su ma waɗannan rubutu suka yi a jikin dutsen.

Tsoho ya ce:

– Gaskiyarka. Tambaya mai kyau ce. Dubi abin da suka bari. Ba mu san sunan ko ɗayansu ba. Amma sun gaya mana a nan an yi raƙumin dawa, an yi shanu, an yi ruwa. Ba don su ba, wa zai yarda? Yau in kana son ganin raƙumin dawa sai ka tafi can wajen Kure, kusa da Yamai. Wannan dutse shi ne littafinmu, kuma kwafi ɗaya ne. In wani ya zo ajinku ya karta sunansa bisa taswirar mushe, me za ku ce da shi? Kai ka rubuta, na bayanka ya rubuta, na bayansa ya rubuta. Ranar da jikanka zai zo, raƙumin dawa ya ɓace cikin sunaye.

Auta ya ɗebi rairayi ya goga wurin. Ya tofa yawu ya goga da bakin riga. Layukan suna nan fari tas. Ya sake gogawa har yatsunsa suka yi zafi. Sai hawaye suka zubo masa. Ya ce:

– Kaka, ba ya fita.

– Ba zai fita ba. Ni zan mutu, kai ma za ka tsufa, yana nan. Shi ya sa ake tunani kafin a taɓa dutse.

Suka yi shiru su uku. Can tsoho ya miƙa hannu ya ce:

– Kawo ƙusar. Ƙofar garkata ta ɓalle tun bara, awaki suna shiga.

Da yamma Auta da kansa ya buga ƙusar a ƙofar garka, abokinsa yana riƙe masa itace. Tsoho bai gaya wa kawu abin da ya faru ba. Auta ne ya gaya masa da bakinsa, a cikin mota, bayan sun bar gari.

Komawa gida

Ranar tafiya aka cika masu buhu da dabino da rumman. Tsoho ya rako su har bakin mota. Auta ya durƙusa ya ce:

– Kaka, ka yafe mini.

– Na yafe, jikana. Ka dawo da sanyi ka ci lemo, ku hau Bagzan kai da ɗan'uwanka. In ka isa gida, ka gaida kakarka. Ka tambaye ta wa ya kawo rumman ɗin da ke bayan ɗakinta.

Auta ya san itacen. Tun yana rarrafe yake cin ƴaƴansa, bai taɓa tambayar asalinsa ba. Da suka isa Damagaram, ko takalmi bai tuɓe ba ya tambayi kakarsa. Ta yi dariya ta ce:

– Maigidana, sai yau ka tambaya? Madugu ne ya kawo shi daga Timiya, ɗan reshe a cikin tsohuwar salka. Kwana da kwanaki yana raba ruwan shansa da shi a hanya. Shi da kakanka suka dasa shi, tun babanka bai yi wayo ba.

Auta ya je ya tsaya gindin itacen. Ya duba jikinsa sama da ƙasa. Babu sunan kowa.

Da aka koma lakkol cikin watan Oktoba, mushe ya ce Auta ya fito ya ba da labari. Ya ba su labarin ƙoramar da ta kawo ruwa ba tare da an yi ruwa ba. Ya ba su labarin raƙumi mai jan wasaki, da rema, da ruwan da ke faɗowa daga baƙin dutse. Wani yaro ya ce:

– To, ka hau Bagzan ɗin?

– Ban hau ba. Ƙanensa ma da ƙyar na kai.

– Ka bar wata alama da za a san ka je?

Auta ya ɗan yi shiru. Sa'an nan ya ce:

– Na bar biyu. Ɗaya tana riƙe da ƙofar garka. Ɗayar kuwa, da ana iya gogewa da na goge.

Ya gaya masu yadda aka yi, bai rage kome ba. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya ɗauki jakar lakkol, Auta yakan ɗebi ruwa guga guda ya zuba wa rumman ɗin da ke bayan ɗakin kakarsa.